Turken Doki A Filin Haya: Yadda Za Mu Raba Shi Da Taɓon Damina

Kowace shekara, da zarar bazara ta kama, hankalin manomi yakan koma gona. Ana sassabe, ana kai taki, ana neman iri, ana gyaran rufin ɗaki da na rumbu. Turken doki kuwa ba a cika tunawa da shi ba sai ruwa ya sauka, ƙasa ta jiƙe, doki ya wayi gari tsaye cikin taɓo. A lokacin nan gyara ya yi wuya, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Wahalar ta fi yawa ga mutumin da filin da ya ɗaure dokinsa ba nasa ba ne, haya ya kama ko aro aka ba shi. Ba shi da ikon yin gini, ba shi da ikon yin haƙa yadda ya ga dama. To, yau a wannan shafi za mu duba yadda mai doki zai fid da dabbarsa daga taɓo ba tare da ya ɓata da mai fili ba, kuma da kayan da muke da su kusa, a nan Kore Mairuwa da kewayenta.

Ƙasarmu da dokinmu

Kore Mairuwa tana bakin babbar hanya mai lamba 1, tsakanin Dosso da Dogon Dutsi, cikin gundumar Tibiri wadda aka ware daga ta Dogon Dutsi a shekarar 2011. Garin yana cikin Dallol Mawri, tsohon kwarin nan da ya taso daga arewa ya gangara kudu har bakin kogin Kwara a yankin Gaya. Ƙasarmu iri-iri ce. Akwai jigawa mai rairayi, wadda ke shanye ruwa nan da nan. Akwai fadama mai laka, wadda ke riƙe shi kwana da kwanaki. A gefe kuma akwai tudu mai duwatsu da fako, inda ruwa ba ya shiga ƙasa, sai dai ya kwararo da gudu zuwa cikin kwari. A wurare da yawa na dallol, ruwan ƙarƙashin ƙasa yana kusa. Shi ya sa rijiyoyin kwari ba su kai na tudu zurfi ba, shi ya sa kuma garka take yi. Wannan albarka ce ga mai garka, amma ga mai doki abin lura ne.

Dokin Arewa sananne ne a ƙasar Nijar, kuma har yau da shi ake hawan salla, da rakiyar sarki, da sukuwa, da hidimar biki. A da, babban gida ba ya rasa wurin doki a cikinsa. Yanzu gari ya cika, an rarraba gidaje, wuri ya yi kaɗan. Saboda haka mai doki yakan nemi kango ko gefen gona a bayan gari ya kafa turkensa. Filin da aka fi samu da sauƙi kuwa shi ne wanda mai shi bai damu da shukawa ba, kuma sau da yawa irin wannan fili shi ne mai kwanciyar ruwa.

Ga kuma wani abu. Da rani doki na iya yawo, amma da zarar an yi shuka, dole a tsare dabbobi har ranar da hukuma ta ba da sanarwar sakin gonaki bayan kaka. Ke nan wata 4 ko fiye doki yana tsaye wuri guda, daidai lokacin da ƙasa ta fi laushi.

Me ke kawo taɓo?

Abu uku ke haɗuwa su yi taɓon turke.

Na farko ruwan sama. A shekarar da damina ta zo daidai, yankinmu yana samun kamar milimita 500 zuwa 600, mafi yawa a watan Yuli da Agusta. Bari mu fassara wannan lissafi. Milimita 1 na ruwan sama daidai yake da lita 1 a bisa fili mai tsawon mita 1 da faɗin mita 1. Idan turke yana da mita 4 tsawo, mita 4 faɗi, aka yi ruwan milimita 30 a dare guda, lita 480 ke nan ta sauka a kansa. Wannan ya fi tano 2, irin tanon nan mai cin lita 200. Ba mu ma lissafa wanda ya gangaro daga tudu ko daga rufin maƙwabta ba. Kuma ruwan yanzu ya fi zuwa da ƙarfi. Wani bincike da masana suka fitar a shekarar 2017 ya nuna cewa manya-manyan hadura a yankin Sahel sun ninka sau 3 tun daga 1982. Ba mu manta da daminar 2024 ba, wadda ambaliyarta ta shafi mutane fiye da miliyan ɗaya a Nijar.

Na biyu ƙafar doki. Dabba ce mai nauyin kilo 300 ko fiye, nauyin nan duka a bisa kofato huɗu. Yini yake yi yana kewaya turke, yana tattaka jiƙaƙƙiyar ƙasa kamar mai kwaɓin gini. Sama ta zama taɓo, ƙarƙashi ya danne ya yi tauri, ruwa ya kasa wucewa. Sannu a hankali sai gindin turke ya lotsa ya zama kamar akushi, duk ruwan da ya zo a nan zai kwana.

Na uku kashi da fitsari da ragowar ciyawa. Doki yakan yi kashi sau 8 ko fiye a yini, abin da ya kai kamar kilo 10. Idan aka bar shi ya gauraya da ƙasa, riƙe ruwa yake yi kamar soso. Shi ya sa za ka ga ko'ina ya bushe bayan ruwa, amma gindin turke yana nan baƙi ƙirin, yana wari.

Ruwan sama ba mu da iko a kansa. Amma hanyar da zai bi, da ƙasar da doki zai taka, da kashin da zai taru, waɗannan duk a hannunmu suke.

Ɓarnar taɓo ga doki

Darajar doki a ƙafarsa take. Kofato idan ya daɗe cikin ruwa yakan yi laushi, kamar yadda farcen mutum ke yi bayan dogon wanki. Daga nan ciwo ke samun ƙofa.

Ruɓewar ƙasan kofato. Idan ka ɗaga ƙafar doki za ka ga wata tsoka mai ɗan taushi a tsakiya, mai siffar kan mashi, da kwari biyu a gefenta. A cikin kwarin nan taɓo da kashi ke maƙalewa. Alamar ciwon ita ce baƙin ruwa mai ɗoyi. Idan ya yi nisa, doki ya fara ɗingishi. Mu sani cewa kofato ba ya tsiro da sauri, bai cika wuce santimita 1 a wata ba. Kafin sabo ya sauko daga sama har ƙasa, sai an yi kusan shekara. Ke nan ɓarnar damina ɗaya tana iya hana ka hawa har wata daminar.

Ƙurajen bayan ƙafa. Fatar da ke tsakanin kofato da gaɓar da ke samansa, idan ta kwana ta yini a jiƙe, takan tsattsage. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ƙwayar cutar da ke kawo kirci ga shanu tana cikin masu shiga ta nan. Gashi ya cure, ɓawo ya fito, ƙafa ta kumbura. Doki mai farar ƙafa ya fi saurin kamuwa. Jiƙaƙƙiyar igiyar da ke gurzar ƙafa wuri guda ita ma tana buɗe wa ciwon hanya.

Tetanos. Taɓo yana ɓoye ƙusa, da guntun waya, da ƙayar aduwa. Ƙwayar tetanos kuwa a cikin ƙasa da kashin dabbobi take zaune, kuma ta fi son rauni mai zurfi mai ƙaramin baki. Doki yana cikin dabbobin da wannan cuta ta fi kamawa da sauƙi. Jiki ya sandare, kunnuwa su miƙe, baki ya ƙi buɗuwa. Mafi yawan waɗanda ta kama ba su tashi.

Ƙwari da tsutsar ciki. Ƙudaje masu cizo suna hayayyafa cikin ruɓaɓɓiyar ciyawa da ta sha fitsari. Akwai kuma wasu ƴan mitsi-mitsin ƙwari masu cizo da magariba da asuba, waɗanda ke ƙyanƙyashewa cikin danshin ƙasa mai taki. Su ke yaɗa cutar da likitocin dabbobi ke kira annobar dawaki ta Afirka, mai zuwa da zazzaɓi, da kumburin saman ido, da kumfa ta hanci. Ƙwan tsutsar ciki shi ma cikin kashi yake fitowa. A danshi da ɗumin damina, kamar mako guda ya ishe shi ya zama tsutsar da doki zai sake haɗiyewa tare da ciyawa.

Ɓarnarsa ga mutanen gida

Abin bai tsaya ga doki ba. Sauron da ke kawo zazzaɓi ba sai babban tabki yake nema ba. Ɗan ruwan da ya kwanta a sawun kofato, rana na dukansa, ya ishe shi. Cikin kwana 7 zuwa 10 ƙwai ya zama sauro mai tashi. Tun shekarar 2013 aka fara ba yara ƴan wata 3 zuwa shekara 5 maganin rigakafin zazzaɓi a watannin damina a Nijar. Ba daidai ba ne mu kai yaro ya sha magani, sannan mu yi kiwon sauro a bayan gida.

Sai rijiya. Inda ruwan ƙasa yake kusa, ƙazantar turke ba ta da nisan tafiya kafin ta kai gare shi. Kada turke ko tarin taki ya kusanci rijiyar sha da ƙasa da mita 30, kuma kada ya zama a samanta ta wajen gangare.

A fara da mai fili

Kafin a zuba ko kwando ɗaya na tsakuwa, sai a zauna da mai fili. Dalili a fili yake. A al'adarmu, dasa itace, da gina rijiya, da yin gini, alamun mallaka ne. Wanda aka ba aro ko haya ba ya yin su sai da izini. Idan mai fili ya wayi gari ya ga amalanke na sauke kaya a filinsa ba da saninsa ba, ba taɓo zai tuna ba, gādon ƴaƴansa zai tuna. Rigima da yawa daga irin wannan take farawa. Mai doki kuma yana da nasa tsoron: kada ya kashe kuɗi ya gyara wuri, da kaka a ce ya tashi.

Maganin tsoron nan biyu shi ne magana a fili gaban shaidu, sannan a rubuta. Ga abubuwan da ya kamata takardar ta ƙunsa:

1. Iyakar wurin da aka ba doki, da hanyar da za a bi a kai gare shi ba tare da an taka shuka ba.
2. Tsawon lokaci. Ya fi kyau a nemi damina 2 ko 3, domin aikin ya biya wahalarsa.
3. Kuɗin haya, ko abin da za a bayar a madadinsa.
4. Aikin da aka yarda a yi: ɗaga ƙasa, yanka ƴar hanyar ruwa, kafa rumfa.
5. Cewa wannan aiki ba ya ba mai doki mallakar komai a filin.
6. Abin da za a ɗauka ranar tashi, da abin da za a bari. Itatuwan rumfa da kwano da komi na mai doki ne. Tsakuwa kuwa a faɗa tun yanzu ko za a bar ta ko za a kwashe.
7. Rabon taki.
8. Wanda zai biya idan doki ya kwance ya yi ɓarna.

Dokar karkara da aka kafa ran 2 ga Maris 1993 ta tanadi kwamitocin kula da harkar filaye. Akwai na gunduma, da na ƙaramar hukuma, da na gari wanda ake kira Kofob, maigari ne shugabansa. A nan ake yin takardar sayarwa, da ta kyauta, da ta jingina, da ta aro, da ta haya. Kada a ce ai ɗan wurin turke ne, bai kai a yi masa takarda ba. Takarda ba rashin yarda ba ce. Masu magana suna mantuwa, suna tafiya, suna mutuwa, magada kuwa abin da aka rubuta za su gani.

Zaɓen wuri

Ko cikin fili ɗaya, wani gefe ya fi wani. Wanda ya san filin tun bara ya san inda ruwa ke kwanciya. Wanda bai sani ba ya tambayi maƙwabta, ko ya je ya duba da safe bayan ruwan farko. A zaɓi wuri mafi tudu, ko da ya ɗan yi nisa da ƙofa.

Akwai gwaji mai sauƙi. A haƙa rami mai zurfin kamu biyu, a cika shi da ruwa da yamma. Idan da safe ruwan ya shanye, ƙasar tana da kyau. Idan yana nan kwance, laka ce, sai an ƙara ɗaga turke sosai ko a nemi wani gefe.

A lura da itatuwa. Inuwar dogon yaro tana da daɗi da bazara, amma da damina tana hana ƙasa bushewa. Gawo kuwa da damina yake zubar da ganye, rana ta sauka har gindinsa, da rani kuma ya ba da inuwa. Idan akwai gawo a wuri mai tudu, an dace.

Ɗaga turke

Aikin nan na watan Afrilu da Mayu ne, tun ƙasa tana bushe. Ba ya bukatar siminti.

1. A auna mita 4 tsawo, mita 4 faɗi ga doki ɗaya. Goɗiya mai ɗa tana son fiye da haka.
2. A kankare tsohuwar baƙar ƙasar turke har a kai ga mai tauri. Kada a zubar da ita, taki ce, a kai gona.
3. A jera duwatsu, ko gumagumai, ko tsofaffin buhuna cike da ƙasa a kewaye, domin su riƙe abin da za a zuba.
4. A zuba burji, wato jar tsakuwar nan da ake yin hanya da ita, kaurin santimita 15. A tsince manyan duwatsu da masu kaifi. A yayyafa ruwa, a daɓe sosai kamar daɓen ɗaki.
5. A bar gefe ɗaya ya ɗara ɗayan tudu da kamar faɗin tafin hannu, wato santimita 2 ko 3 a kowace mita. A gwada da bokitin ruwa. Idan ya gangara ya fita, aiki ya yi. Idan ya tsaya, a cike wurin.
6. A shimfiɗa rairayi mai tsabta a sama, kaurin santimita 10, domin doki ya sami wurin kwanciya, kuma tsakuwa kada ta ci kofato.
7. A kafa turke da zurfi, a daɓe gindinsa ya ɗan fi ko'ina tudu.

Ga lissafin kaya. Idan amalanken jaki yana ɗaukar kilo 500, burji zai ci kamar sawu 8, rairayi kamar sawu 5. Masu dawaki uku ko huɗu suna iya haɗuwa su yi gayya, yau turken wannan, gobe na wancan. A nemi izini kafin a ɗebi burji ko rairayi, kuma kada a ɗiba kusa da hanya, ko gada, ko gindin gidan wani.

Akwai kuskuren da aka saba yi. Idan taɓo ya yi yawa sai a kawo kara, ko ƙaiƙayi, ko ciyawa a zuba. Kwana biyu wuri ya yi kyau, daga nan su ruɓe, taɓo ya fi na da. Haka nan rairayin da aka zuba bisa taɓo mai zurfi nutsewa yake yi. Wanda damina ta riga ta tarar, ya mai da turke wuri mafi tudu, ya kankare taɓo, ya shimfiɗa tsofaffin buhuna, sannan ya zuba rairayi mai kauri a kansu. Wannan zai kai shi kaka.

Ba ruwa hanya

Dukanmu mun san rabin wata da ake haƙawa a fako domin a tare ruwa. Bakinsa yana fuskantar tudu, ruwa ya shiga ya zauna. To, a turke juya shi ake yi. A yi kunya mai lanƙwasa a saman turke, bayanta ya fuskanci inda ruwa ke gangarowa. Idan ruwa ya zo sai ya rabu biyu, ya bi dama da hagu ya wuce. A gindin kunyar, ta wajen tudu, a yanka ƴar hanya mai zurfin santimita 20, mai faɗi, marar kaifin baki, yadda doki ko yaro ba zai karye a ciki ba.

A kula da inda ruwan zai ƙare. Kada a tura shi gonar maƙwabci, ko gindin katangarsa, ko hanyar jama'a, ko wajen rijiya. A kai shi ga jigawar da za ta shanye shi. Idan mai fili ya yarda, a dasa layin gamba a nan. Tana rage gudun ruwa, tana riƙe ƙasa, da kaka kuma a sami abin yin zana. Duk ruwan da ya kwana uku bai shanye ba, a buɗe masa hanya ko a cike wurin.

Rumfa da komi

Rumfa ita ce ke tare lita 480 ɗin nan da muka lissafa. Ta itace da zana ta isa, in dai an karkata rufin yadda ruwa zai zuba bayan turke. Tsawonta ya wuce kan doki idan ya ɗaga shi. Hadarinmu ya fi tasowa daga gabas, saboda haka a kare wannan gefe da zana, a bar sauran a buɗe iska ta ratsa. Mai halin sayen kwano ya ɗaura shi yadda zai kwance ranar tashi, ya sa indararo ya tara ruwa a tano. Doki yakan sha lita 25 zuwa 40 a yini, gwargwadon zafi da aiki. A rufe bakin tanon saboda sauro.

Tun da mun zuba rairayi, wajibi ne mu yi wannan gargaɗi: kada a zuba wa doki dusa ko hatsi ko harawa a ƙasa. Zai haɗiye rairayi tare da abinci, ya taru a hanji, ya kawo ciwon ciki mai tsanani wanda yake iya kisa. A sa abinci a komi, ko rabin tano da aka dasashe bakinsa. Wurin shan ruwa ya zama a gefen gangare, domin abin da ya zube ya fita waje. Harawa a ajiye ta bisa rumfa ko gado, a rufe. Wadda ta jiƙe ta yi fumfuna ba ta doki ba ce, ta ramin taki ce.

Aikin kullum

Turken da aka gyara aka ƙyale, wata guda ya ishe shi ya koma yadda yake. Ga abin da ake bukata, kuma bai fi aikin ɗan lokaci ba:

A kwashe kashi safe da yamma. A ɗebe rairayin da ya sha fitsari, a zuba busasshe. Don haka a ajiye tarin rairayi a gefe, a rufe shi. A cike duk inda ya fara lotsawa tun bai zama rami ba.

A ɗaga ƙafafun doki huɗu kowace rana, a sakace ƙasan kofato da ɗan itace marar tsini, a duba, a sansana. Hanci yakan riga ido gane ruɓa.

A riƙa sauya ƙafar da ake ɗaurewa. A naɗa tsumma mai laushi a igiya, idan ya jiƙe a canza. A fitar da doki ya taka busasshiyar ƙasa kullum, ko da jansa za a yi. Inda fili ya isa, a kafa turke na biyu a jigawa, yadda ɗaya zai sha rana yayin da doki yake ɗayan.

Idan ciwo ya riga ya kama

Abu na farko, a mai da doki busasshen wuri. Babu maganin da zai ci a cikin taɓo.

Ga ruɓewar kofato, a sakace, a wanke da ruwan gishiri, a tsane, a shafa maganin rauni mai aidin irin su Betadine har cikin kwarin, kullum, sai wari ya ɗauke. Ga ƙurajen bayan ƙafa, a rage gashin wurin da almakashi, a jiƙa ɓawon da ruwa mai ɗumi da sabulu har ya saki da kansa, a tsane sarai da tsumma mai tsabta. A ƙone ɓawon da ya fita, a wanke hannu da sabulu, domin ciwon yana iya kama mutum. Kada a zuba baƙin man mota ko ruwan batir, kada a yi lalas. Ƙona nama suke yi, su ƙara buɗe ƙofa ga cuta.

A nemi ma'aikacin kiwo ko likitan dabbobi ba da jinkiri ba idan ƙusa ko ƙaya ta shiga kofato, ko ƙafa ta kumbura har sama, ko doki ya ƙi taka ta, ko ya bar cin abinci, ko jikinsa ya fara sandarewa. Tun kafin damina kuma a tambaye shi maganin tsutsar ciki da allurar rigakafin tetanos. Mai kula da doki shi ma, idan ƙusa ta soke shi a turke, ya wanke wurin ya tafi likita a ranar.

Taki shi ne ribar kowa

Mun saba ganin manomi yana ba makiyayi hatsi domin shanu su kwana a gonarsa da rani. Ke nan kowa ya san taki kuɗi ne. Doki ɗaya, kilo 10 a yini, cikin kwana 120 na damina, kilo 1,200 ke nan. Idan aka bar shi a turke, ciwo ne. Idan aka tara shi gefe, dukiya ce.

A tara shi wuri mai tudu, nesa da rijiya, a gauraya da ragowar ciyawa, a rufe da tsohuwar zana. A riƙa juyawa bayan kowane mako 2. Zafin da tarin ke ɗauka yana kashe yawancin ƙwan tsutsa da irin ciyawa. Cikin wata 2 ko 3 ya nuna, ya yi baƙi, wari ya tafi. Lokacin nan kuwa ya zo daidai da fara aikin garka, sa'ad da masu albasa da tumatir da salati ke neman taki ido rufe. Ɗanyen kashi ba a sa shi gindin ƙaramar shuka, ƙona ta yake yi.

A nan ne mai doki yake da abin da zai miƙa wa mai fili. Yana iya ba shi rabin takin a rage masa kuɗin haya, ko ya ba shi duka a madadin haya. Mai filin da ya ga gonarsa ta yi kyau saboda doki, ba shi ne zai ce a tashi ba.

Jama'a, rigakafi ya fi magani. Mu je wurin mai fili tun yau, mu yi magana, mu rubuta. Mu kawo burji da rairayi tun amalanke yana iya shiga. Mu ba ruwa hanyarsa, mu kwashe kashi safe da yamma, mu duba kofato kullum. Wanda ya karanta wannan shafi ya karanta wa maƙwabcinsa mai doki. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kiyaye mu da dabbobinmu.